Kabarin da Aka Haƙa wa Munzali

Wata huɗu cur Munzali bai taka ƙofar gidansu ba. Mutumin da a da ba a ganinsa sai dai a ji ƙarar babur ɗinsa, daga wannan fadama zuwa waccan yana gyaran injin ban-ruwa, yau shi ne zaune a ɗaki bisa katifa, yatsu biyu a gefen wuya yana lalubar bugun jini.

Duk Birnin Kudu an san labarin. Wata Talata ce a tsakiyar bazara. Khairiyya, wadda yake nema da aure, ma'aikaciyar lafiya ce a wani ƙaramin asibiti a Gwaram, ta shigo gari wani taron aiki. Ya je ya tare ta a bakin titi da fura a leda. Yana cikin yi mata tsiya a kan tsohon takalminta, sai maganar ta tsaya masa a baki, ya zube ƙasa kamar an tsinke igiya.

Nan da nan jama'a suka yi caa. Wani dattijo ya taɓa shi ya ce, "Ya cika." Aka ɗauki salati. Wani ya tuɓe babbar rigarsa zai lulluɓe shi.

Khairiyya ta ture dattijon, ta ture mai rigar, ta durƙusa ta ɗora hannu kan hannu a tsakiyar ƙirjinsa, ta shiga dannawa da iya ƙarfinta. Ana ta ce mata, "Ke baiwar Allah, ki ji tsoron Allah, gawa ce fa!" Ko ɗagowa ba ta yi ba. A bayan wata a-kori-kura aka sa shi, tana durƙushe a kansa tana dannawa har asibiti, inda likitoci suka buga masa na'urar lantarki sau biyu, zuciyar ta kama aiki.

Sai dai waya ta fi likita sauri. Wani mai son a ce shi ya fara ji ya riga ya kira gida ya ce Munzali ya rasu. Mutanenmu kuwa ba sa barin mamaci ya yi jira. Kawunnansa suka yanki kara, da yake gawa ba ta iso ba suka auna da tsawon yayansa Ahmad, don kansu ɗaya, suka nufi maƙabarta. An gama haƙa, an shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, sannan waya ta biyu ta shigo: yana da rai.

Aka wuce da shi Kano, aka sa masa wata 'yar na'ura kamar akwatin ashana a ƙarƙashin fata, ƙasa da kafaɗar hagu, wadda za ta tashi zuciyar in ta sake tsayawa. Likita ya ce jiki ya yi kyau, ya koma gida.

Jiki ya koma gida. Amma Munzalin da aka sani bai biyo shi ba.

Wani aboki mai sakin baki ne ya ba shi labarin kabarin, yana dariya. Har ya ƙara masa da cewa wani tsoho aka sa a ciki bayan kwana tara, amma har yau in ana kwatance a maƙabarta sai a ce "kusa da kabarin Munzali". Tun daga ranar barci ya ƙaurace masa.

Mahaifiyarsa, Inna Batulu, ta mai da shi kamar ƙwai. Ko buta ba ta bari ya ɗauka. Kuma ta riga ta sami wadda za ta ɗora wa laifi. Khairiyya bazawara ce, mijinta na fari ya rasu a hatsarin mota shekara uku da suka wuce. Inna ta haɗa wancan da wannan ta ce farar ƙafa ce da ita, duk namijin da ya raɓe ta sai ya ga masifa. Da ta ji wajen dannawar nan haƙarƙari biyu sun karye, ai sai ta ce ga shaida.

Shi Munzali bai yarda da maganar farar ƙafa ba. Amma da hannunsa ya rubuta wa Khairiyya saƙo a waya, ya ce ya janye, ta yafe masa. Sati uku ke nan ba ta amsa ba.

* * *

Ranar Laraba da hantsi, Inna tana tsakar gida tana gyaran zogale, sai ga sallama. Munzali yana ɗaki ya ji muryar Khairiyya.

"Inna, kun tashi lafiya?"

"Lafiya." Inna ba ta ɗago ba. "Barci yake."

"Ba ya barci, Inna. Wanda abin nan ya samu ba ya barci, na sani."

"To, likita. Wanne ne ya rage ba ki karya ba? Wancan karon biyu kika karya."

"Biyu ne, Inna," in ji Khairiyya a hankali. "Da goma ya kama in karya kafin ya dawo miki, wallahi da goman zan karya."

Munzali ya ɗaga labule ya fito, ya jingina da bango. Ya rame, gemu ya cika masa fuska. Khairiyya ta dube shi sama da ƙasa, idonta ya kawo ruwa, ta haɗiye. Ta zauna a bakin turmi, shi ya zauna a dokin ƙofa. Inna ba ta matsa ko nan da can ba.

"Kin ga saƙona," ya ce.

"Na gani. Layi uku. Shekara biyu kana sintiri Gwaram, ka sallame ni da layi uku."

"Don ke na yi, Khairiyya. Kin yi takaba sau ɗaya. Ba na so in zama ni ne zan sa ki ta biyu."

"Wa ya aike ka tausayina? Na kawo maka kuka ne?" Ta gyara mayafi. "Na ga takardunka, na yi magana da wanda ya duba ka. Zuciyar tana aiki, na'urar tana gadinta. An ce ka riƙa tafiya, an ce ka shiga mutane. To me ya zaunar da kai? Yau sai ka faɗa mini gaskiya."

Ya dubi Inna, ya dubi ƙasa. Kaji suna ta tsattsagar zogalen da ya zube, ba wanda ya kore su.

"Tsoro nake ji," ya ce. Da kalmar ta fita sai hawaye suka biyo ta. "Wallahi tsoro nake ji. Kowa ya shigo sai ya ce in gode wa Allah. Na gode masa, ina kan gode masa. Amma in na ce tsoro nake ji, sai a ga kamar butulci na yi. In na rufe ido ramin nan nake gani. In zuciyata ta buga da ƙarfi sai in ce shi ke nan. In ta buga a hankali sai in ce tsayawa za ta yi. Mutane suna zuwa su zauna su tambaye ni me na gani a can. Ban ga komai ba! Kwana goma sha ɗaya sun ɓace mini gaba ɗaya. An ce ina yi miki tsiyar takalmi na faɗi. Ni ko wannan ban tuna ba."

"Kai ba ka tuna ba," in ji Khairiyya. "Ni ce nake tunawa. Kullum. Ƙarar ƙashin nan har yau tana cikin tafin hannuna. Kwanaki aka kawo wani tsoho ya suma a wurin aiki, hannuna ya ƙi tsayawa, sai bayan ɗaki na zagaya ina kuka kamar yarinya. Wa ya taɓa tambayata yaya nake? Naku suna cewa farar ƙafa. Namu suna cewa na zubar musu da mutunci, na hau ƙirjin namiji a tsakiyar titi. Kai kuma da nake jira ka ce mini sannu, sai ga layi uku."

Ta sa gefen mayafi ta share fuska.

"Alhaji Maikano ya sa gidanmu a gaba," ta ce daga baya. "Dillalin hatsin nan na garinmu. Tun da ya ji ka kwanta kullum motarsa tana ƙofar gida. Baba ba zai yi mini dole ba, ni ba yarinya ba ce. Amma ya gaji da surutun mutane, ni ma na gaji. Na yi masa alkawari da bakina. Jibi Juma'a, in an sauko daga masallaci, in ka zo da ƙafarka, kai ne. In ba ka zo ba, na bar masa zaɓi."

"Khairiyya, ko ƙofar gida ba na iya fita. Ina ni ina mota har Gwaram?"

"Na sani. Ni kuma ba zan iya ɗaukarka ni kaɗai ba, nawa nauyin ma ya ishe ni. Ka je tasha ka nemi Salihu kamasho. Ka ce ni na turo ka."

"Kamasho kuma? Me zai yi mini?"

Ta miƙe. "Inna, na bar ku lafiya."

Kan Inna yana sunkuye, zogalen da ke cikin faifai yana ta jiƙewa da hawaye.

* * *

Washegari da safe Munzali ya nemo takalminsa a ƙarƙashin gado, ya kakkaɓe ƙura. Yana isowa zaure ya tarar da Inna tsaye, ta tare hanya.

Ya ɗauka faɗa za ta yi. Sai ya ga hularsa ce a hannunta.

"Ban san tsoro kake ji ba," ta ce. "Na ɗauka ciwo ne. Ni ma shi nake ji, Munzali. Ni fa na ga tabarmin nan a ƙofar gida da idona. Mata sun rirriƙe ni suna ba ni haƙuri." Ta miƙa masa hular, ta matsa gefe. "Je ka. Ka bi inuwa."

Tafiyar da a da ba ta kai masa minti goma ba, ranar sai da ta ci kusan awa. Ya zagaye don kada ya bi ta bangon maƙabarta. Sau biyu yana zama a dakalin mutane. Wani mai shayi ya hango shi ya ɗaga murya, "Kai jama'a, ga mai rai biyu ya fito!" Munzali ya ɗaga masa hannu kawai.

Salihu kamasho wani gajeren dattijo ne mai muryar mutum uku. Yana tsaye jikin wata bas yana ihu, "Gwaram, mutum ɗaya! Hajiya ki matsa, ba gadonki ba ne!" Da ya ji sunan Khairiyya sai ya miƙa wa wani takardar fasinja, ya ja Munzali bayan rumfa suka zauna a benci.

Ya ɓalle maɓallin rigarsa, ya kama hannun Munzali ya ɗora a ƙasan kafaɗarsa ta hagu. Ga tudun nan, irin nasa sak.

"Shekara shida," in ji Salihu. "Direba nake a da. A Kano abin ya same ni, Allah ya sa motar a tsaye take. Tun daga nan aka raba ni da sitiyari. Kai ne na kabarin ko? Ai ka fi ni gata. Ni ko kara ba wanda ya yanka mini."

Munzali bai san lokacin da dariya ta ƙwace masa ba. Rabonsa da ita tun bazara.

"Wata nawa ka yi a ɗaki?"

"Huɗu."

"Ni bakwai. Ka fi ni jarumta da wata uku. Bari in faɗa maka yadda yake zuwa, ka ce ƙarya nake. Gumi ya keto, ƙirji ya matse, hannu ya yi sanyi, kunne ya toshe, ka ce yau kam ta ƙare."

"Haka yake, Baba Salihu. Wallahi haka yake."

"To ina tambayarka. Ranar da ka faɗi, ka ji tsoro?"

"Ban ji komai ba."

"Yauwa. Wancan ba ya sallama. In har kana jin tsoro, kana nan daram. Sai ka zauna, ka ja numfashi ta hanci a ƙirga huɗu, ka sake shi a hankali a ƙirga shida. Kuma ka faɗa wa na kusa da kai abin da kake ji, da babbar murya. Ɓoyewar ce take ciyar da shi. Amma ka ji da kyau: in na'urar ta doke ka, ko ciwon ƙirji ya zauna ya ƙi tafiya, wannan asibiti ne kai tsaye, ba wurin nuna jarumta ba ne."

"Wa ya koya maka duk wannan?"

"Mu biyar ne masu irin abin nan. Larabar farko ta kowane wata muna haɗuwa a asibiti. Akwai wata likita, aikinta ke nan, ta zauna ta saurare ka. Da farko na ce ni ba mahaukaci ba ne, ba za ni ba. Matata ce ta ja ni kamar akuya. Yanzu ni nake riga kowa zuwa. Ka zo da mahaifiyarka ma. Su da suka ga faɗuwar, wani lokaci sun fi mu buƙata."

Munzali ya ce, "Zai daina zuwa?"

"Zai rage. Ni yanzu sai in yi wata biyar bai leƙo ni ba. In ya zo in ce masa sannu da zuwa, zauna, ina da lodi." Salihu ya miƙe yana ɓalla riga. "Gobe ƙarfe goma kujerar gaba taka ce. In ba ka zo ba, har gida zan zo in yi maka ihun Gwaram mutum ɗaya."

* * *

Ya zo.

Yayansa Ahmad ne ya raka shi. Tun daga fitarsu gari Munzali ya damƙe marfin ƙofa, yana kallon gero kore shar hagu da dama, yana ƙirga huɗu da shida a ransa. Sau ɗaya ya kusa cewa a tsaya. Ya dubi Ahmad ya ce, "Yaya, tsoro nake ji." Ahmad ya dafa kafaɗarsa ta baya, bai ɗauke hannun ba har suka shiga Gwaram.

Bayan an sauko daga masallaci suka yi sallama a zauren Malam Hadi, mahaifin Khairiyya. Dattijo ne manomi, dogo, mara yawan magana. Ƙannensa biyu suna gefensa. A ɗaya gefen kuwa ga Alhaji Maikano ya baje babbar riga, ƙamshin turarensa ya cika zauren. A al'ada wakilai ake turowa, amma Alhaji ya ce wucewa yake ya tsaya gaisuwa. Ya tabbata Munzali ba zai zo ba, yana so ya ji albishir da kunnensa.

Da ya ga Munzali sai fuskarsa ta canza, amma nan take ya gyara ta.

"Ikon Allah! Ashe ana dawowa. Malam Munzali, ya mutanen can? Suna lafiya?"

Ɗaya daga ƙannen Malam ya yi 'yar dariya, ya ga yayansa bai yi ba, ya haɗiye.

Aka gaisa. Munzali ya durƙusa ya gai da Malam Hadi, ya koma gefe ya zauna kansa a ƙasa.

"Malam, ni ba na magana a bayan mutum," in ji Alhaji Maikano. "Gara in faɗa yana ji. 'Yar nan taka ta sha takaba sau ɗaya. Wannan bawan Allah, kowa ya sani, batir ne yake riƙe da shi. Mutumin da aka riga aka auna, aka haƙa, aka shimfiɗa tabarmi? Ramin nan fa da sunansa ake kiransa har gobe. Ni tausayi nake ji, wallahi ba wani abu ba."

Kalmar ramin ce ta same shi.

Munzali ya ji gumi ya keto masa daga tsakiyar kai. Zauren ya fara matsewa. Ƙirjinsa ya ɗaure kamar an ɗora masa buhu, yatsunsa suka yi sanyi, muryoyi suka koma can nesa. Ya dafe ƙirji, ya jingina da bango yana haki.

"Innalillahi!" in ji Ahmad.

Zaure ya hargitse. Ɗaya ya ɗauki salati, ɗaya ya zaro waya. Alhaji Maikano kuwa tsalle ɗaya ya yi ya kai bakin ƙofa, takalmansa a hannu, yana cewa, "Kun gani ko? Ni dai ban taɓa shi ba, ku shaida!" Daga cikin gida aka ji an yar da kwano, ƙafafu suka rugo suka tsaya cak a bayan ƙyauren ciki.

Komai na jikin Munzali yana ce masa ta ƙare. Amma yana jin tsoron, yana jinsa sarai. Ya ɗaga hannu.

"Kada a kira kowa," ya ce da ƙyar. "Ku zauna. Ba mutuwa ba ce. Tsoro ne."

Mai waya ya tsaya da ita a hannu.

Munzali ya nemi ƙirgar a kansa, ta watse. Ya ɗaga ido, wanda ya fi kusa da shi shi ne mutumin da ko haɗa ido bai kamata ya yi da shi ba. Ya ajiye kunya a gefe.

"Baba, don Allah ƙirga mini. Huɗu, sannan shida."

Malam Hadi ya dube shi. Sai ya ja jiki ya matso, ya ɗora tafinsa mai kaushi a gwiwar Munzali.

"Ɗaya," in ji dattijon. "Biyu. Uku. Huɗu."

Ya ja numfashi.

"Ɗaya. Biyu. Uku. Huɗu. Biyar. Shida."

Ya sake shi.

Haka suka yi ta yi, tsoho yana ƙirgawa, saurayi yana bi. Tun ana jin haki har aka daina. Bangon zaure ya koma inda yake. Ɗumi ya dawo yatsunsa. Munzali ya cire hula ya share gumi, ya mayar, ya gyara zama.

"Baba, kun ga yadda nake," ya ce, muryarsa ta dawo. "Ban zo in ɓoye muku komai ba. Abin nan yana zo mini, wani satin sau biyu. Na sami waɗanda suka riga ni shiga, kuma akwai likitar da za ta riƙa ganina. An ce zan koma aikina, banda walda, banda kifa ƙirji a kan inji yana aiki. Ba zan yi muku alkawarin shekara nawa zan yi ba. Amma ina son Khairiyya, kuma ga ni na zo da ƙafata."

Malam Hadi ya juya wajen ƙofa.

"Alhaji, dawo ka zauna mana. Kai shekara nawa za ka yi mana alkawari?"

Alhaji Maikano ya yi yaƙe. "Haba Malam, ai wannan sai Allah."

"To kun zama ɗaya ke nan. Sai dai da abin ya taso, kai ka kai ƙofa da takalmi a hannu. Shi da abin yake jikinsa ya zauna."

Wannan karon ƙanen Malam bai haɗiye dariyarsa ba. Alhaji ya ce yana da lodi a kasuwa, ya sa takalmi, aka ji tashin mota.

Dattijon ya daɗe yana kallon Munzali. "Shekarata saba'in da ɗaya," ya ce, "ban taɓa jin namiji ya faɗi kalmar nan a zaure ba. Ni na san ta. Shekarar da uwarsu ta kwanta ciwo na ji ta, na haɗiye, ta ci ni a tsaye ba wanda ya sani. Da na iya abin da ka yi yau, da na huta." Ya dubi Ahmad. "Ka gaya wa kawunnanku su zo. Na ba shi."

"Alhamdu lillahi!" in ji Ahmad, yana share ido da hannun riga.

A bayan ƙyaure wata mace ta rangaɗa guɗa, wata kuma tana kuka tana dariya a haɗe. Munzali ya san mai wannan kukan.

"Saura rana," in ji ɗaya ƙanen Malam. Ya ɗan yi gyaran murya. "Ni a ganina a yi shi da wuri. Ko Juma'a mai zuwa. Tunda dai... wato, yadda abubuwa suke."

Kowa ya gane abin da bai ƙarasa ba. Ahmad ya gyaɗa kai, shi ma haka yake gani.

"Baba, in an yarda in sa baki," in ji Munzali. "A bari sai bayan kaka."

Aka dube shi.

"Wata uku ke nan fa, samari," in ji ƙanen Malam.

"Na sani. Ina so in koma bakin aiki tukuna, in gyara ɗakin, in ga an yi girbi. Da rani masu fadama za su neme ni. Ba na so ta shigo ta tarar da majinyaci."

"Za ka kai?" in ji Malam Hadi, yana kallonsa ido cikin ido.

"In Allah ya yarda, Baba. Kamar kowa."

Murmushi ya bazu a fuskar dattijon. Ya ɗaga hannu zai yi fatiha, sai ga murya daga bayan ƙyaure, ta manta da kunya, ta manta da baffanni.

"Wata huɗu na yi ina jiransa, Baba, yanzu kuma ya ƙara mini uku!"

Zaure ya kwashe da dariya. Munzali ya fi kowa yi, har yana dafe haƙarƙari.

"Ke, shiga ciki!" in ji Malam Hadi, shi ma dariyar yake. "Bayan kaka ya ce, bayan kaka za a yi. A shafa fatiha."